Tsofaffin Fina-finan Fargaba: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Fara Kallo

Akwai wani rukunin tsofaffin fina-finai da aka rasa layin da za a sa su. Masu son fim ɗin ban tsoro na cewa nasu ne, masu son fim ɗin bincike da 'yan sanda su ma na cewa nasu ne. Yawancinsu an yi su ne tsakanin 1930 da farkon shekarun 1970, da yawa babu kala, kuma jinin da ke cikinsu duka bai kai na minti biyar ɗin fim ɗin yanzu ba. Duk da haka suna hana mutum zama daidai a kujera. Ga amsoshin abin da sababbin masu kallo suka fi tambaya.

Wai mene ne bambancinsu da fim ɗin ban tsoro?

Wanda ke biyo ka. A fim ɗin ban tsoro na ainihi, dodo ne, ko fatalwa, ko gawar da ta ƙi kwanciya. A waɗannan kuwa mutum ne, kuma galibi na gida: miji, kawu, 'yar aiki, maƙwabci, mai masauki. Mugu ba shi da kama, in ji Hausawa, kuma kusan duk rukunin a kan wannan magana aka gina shi.

Ɗauki Gaslight na 1944. Amarya ce a wani gida a Landan, zamanin da ake amfani da fitilar gas. Kowane dare in mijin ya ce ya fita, sai ta ga hasken ɗaki ya ragu, ta kuma ji taku a sama. In ta faɗa, sai ya dube ta da tausayi ya ce ai ba ta da lafiya. Ya ɓoye abu ya ce ita ta ɓatar, ya hana ta fita, ya hana baƙi zuwa, har ta fara yarda cewa taɓuwa take yi. Babu aljani ko ɗaya a fim ɗin, amma wanda ya taɓa ganin yadda ake kashe wa mace zuciya a gidan aure zai ji tsikar jikinsa ta tashi. Ingrid Bergman ta ci kyautar Oscar da wannan rawar.

Razana da fargaba ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Darakta Alfred Hitchcock ya yi wa takwaransa na Faransa, François Truffaut, bayanin bambancin a doguwar hirar da suka yi a 1962, da misalin bam. Mutum biyu na zaune suna hira, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashin teburinsu: mai kallo ya razana na daƙiƙa goma sha biyar, shi ke nan. Amma a nuna wa mai kallo bam ɗin tun farko, a nuna masa agogo, sannan a bar mutanen su ci gaba da hirarsu ta banza. Yanzu kowace kalma tana ci masa rai, ji yake kamar ya yi musu ihu su tashi. An samu minti goma sha biyar na zaman ɗar-ɗar.

Wato sirrin shi ne mai kallo ya san abin da jarumi bai sani ba, ko ya yi zargin abin da ba zai iya tabbatarwa ba. A Suspicion na 1941, miji na hawa bene da kofin madara zai kai wa matarsa. Madara ce kawai. Sai dai Hitchcock ya sa an ɓoye ƙaramin ƙwan fitila a cikin kofin, don haka a duk duhun matattakalar shi kaɗai ke sheƙi, idonka ba zai bar kansa ba, kuma tambaya ɗaya ce a ranka: da guba ko babu?

Me ya sa ba sa nuna kisan? Tsoro suke yi ko rashin kayan aiki ne?

Dalilai uku ne suka haɗu: doka, talauci, da gwaninta.

Doka tukuna. Kamfanonin Hollywood sun ɗora wa kansu ƙa'idojin tace fim a 1930, aka fara aiki da su da tsanani daga 1934, ba a yi watsi da su ba sai 1968. Ƙa'idojin sun hana nuna kisan gilla dalla-dalla, sun hana koya wa mai kallo dabarun aikata laifi, sun kuma ce dole mai laifi ya ga sakamako. Darakta ba shi da zaɓi illa ya nemi wata hanyar.

Sai talauci. A 1942 kamfanin RKO ya ba wani furodusa mai suna Val Lewton sashen ƙananan fina-finan ban tsoro, da sharaɗin kowane fim kada ya wuce dala 150,000, kada kuma ya kai minti 75, sannan kamfani ne zai ba shi suna, shi ya nemo labarin da zai dace. Sunan farko da aka miƙa masa shi ne Cat People. Kuɗin yin dodo mai gamsarwa babu, sai shi da darakta Jacques Tourneur suka sayi abin da ya fi araha, wato duhu. Akwai wurin da wata mata ke tafiya ita kaɗai da dare a gefen wata doguwar katanga a birnin New York, tana fita daga hasken fitilar titi ɗaya ta shiga duhu kafin ta kai ta gaba. A bayanta ana jin ƙwas-ƙwas ɗin takalmin wata. Can sai takun ya ɗauke. Shirun nan ya fi takun muni. Ta waiga, ba kowa. Ta ƙara sauri. Sai ga wani huci mai kama da na damisa ya cika kunne. Ashe birkin bas ce ta tsaya a gabanta. Har yau masu shirya fim na kiran wannan dabara da sunan Lewton.

Na uku shi ne wanda ya fi burge ni, domin akwai waɗanda ba doka ce ta tilasta musu ba. A Jamus, a 1931, Fritz Lang ya yi M, labarin mai kashe yara. Ba a nuna ya taɓa yarinyar ba. Abin da aka nuna: uwa ta leƙa taga tana kiran sunan 'yarta, matattakala wayam, farantin abincinta a tebur ba kowa a kujera, ƙwallonta ta gangaro daga cikin ciyawa ta tsaya, balan-balan ɗin da ya saya mata ya maƙale a wayoyin tangaraho. Abin da zuciyarka za ta cike da shi ya fi duk abin da kyamara za ta iya ɗauka muni, kuma Lang ya san haka.

Da wanne ya kamata in fara?

Les Diaboliques, na Henri-Georges Clouzot, Faransa, 1955. Shugaban wata lalatacciyar makarantar kwana azzalumi ne, yana gallaza wa matarsa mai ciwon zuciya, yana kuma dukan farkarsa, wadda malama ce a makarantar. Matan biyu suka haɗa kai, suka yaudare shi zuwa wani gari, suka danna shi a bahon wanka, suka ɗauko gawar a cikin ƙaton kwando suka jefa a ƙazamin wurin ninkayar makarantar, da nufin in ta taso a ce haɗari ne. Kwanaki suka wuce, gawa ba ta taso ba. Aka zuƙe ruwan, ba kowa a ciki. Daga nan sai ga kwat ɗin da ya mutu da ita an kawo daga wajen masu wanki da guga, a goge tsaf. Wani ɗalibi kuma ya rantse shugaba ne ya ƙwace masa danƙo yanzun nan.

A nan zan tsaya. Minti goman ƙarshe na fim ɗin sun isa dalilin kallonsa.

In kuwa kana son mai kala, mai sauƙin bi, nemi Wait Until Dark na 1967. Audrey Hepburn makauniya ce a wani gida na ƙarƙashin bene, 'yan damfara uku na neman wata 'yar tsana da aka cusa wa miyagun ƙwayoyi, suna ta zuwa mata da sunaye da muryoyi daban-daban. Da ta gane su, sai ta bi ƙwayayen fitilun gidan ta farfasa, don a yi faɗan a duniyar da ta fi su sani. Sai dai akwai wata fitila guda a kusan kowane kicin da mutum kan manta da ita. Lokacin da fim ɗin ya fito, gidajen silima kan rage fitilunsu iya abin da doka ta yarda a minti takwas na ƙarshe.

Psycho fa? Wasu na cewa shi fim ɗin ban tsoro ne tsantsa.

Shi ne kan iyakar, shi ya sa ake ja-in-ja a kansa. Rabin farko labarin sata ne: sakatariya ta gudu da dala 40,000 na ofishinsu, kana biye da ita kana fargabar ɗan sanda. Sai ruwan sama ya sa ta kwana a wani masaukin gefen hanya, fim ɗin ya sauya fuska gaba ɗaya.

Kamfanin Paramount bai so aikin ba, don haka Hitchcock ya ɗauki nauyinsa da kansa, ya yi shi da ma'aikatan shirinsa na talabijin a kan kusan dala 800,000, babu kala. Fitaccen wurin nan da aka kai wa matar hari da wuƙa a banɗaki mako guda aka yi ana ɗaukarsa, an girka kyamara sau 78, an yanka hoton sau 52, jinin kuma ruwan cakulan ne. Kusan ba a ga wuƙa ta taɓa jiki ba, amma mutane suka fito suna rantsuwa sun gani. Rabin aikin kiɗan Bernard Herrmann ne ya yi, wanda bai sa ganga ko abin busa ba, sai kayan tsirkiya dangin goge zalla, suna ƙara kamar ana yanka kunne.

A 1960, shekarar da Psycho ya fito, watanni kaɗan kafin shi, Michael Powell ya fitar da Peeping Tom a Ingila, labarin mai ɗaukar hoto da ke kashe mata yana ɗaukar firgicin fuskarsu. 'Yan jarida suka yi masa ca, aka janye fim ɗin, Powell da yake cikin manyan daraktocin ƙasar bai sake farfaɗowa a gida ba. Laifinsa, a ganina, ya sa mai kallo ya leƙa ta cikin kyamarar makashin, ya tambaye shi me ya kawo shi kallo. Sai a 1979, da taimakon darakta Martin Scorsese, aka sake nuna shi a New York, aka fara ba shi haƙƙinsa. Daga waɗannan biyun ne hanya ta miƙe zuwa fina-finan mai wuƙa da suka cika kasuwa bayan Halloween na 1978, inda jaruma Jamie Lee Curtis 'yar Janet Leigh ce, matar banɗakin Psycho.

Wanne ne ya fi duka?

Wannan magana ce ta ra'ayi, nawa kuwa The Night of the Hunter ne, na 1955. Shi kaɗai ne fim ɗin da Charles Laughton ya taɓa ba da umarni. Bai yi kasuwa ba, masu sharhi ba su gane shi ba, mutumin ya rasu a 1962 bai sake yin wani ba.

Labarin a karkarar Amurka yake, zamanin matsin tattalin arziki na shekarun 1930. Wani uba ya yi fashin dala 10,000, ya cusa a cikin 'yar tsanar 'yarsa, ya sa yaransa biyu suka rantse ba za su faɗa ba, aka rataye shi. A kurkuku ya zauna ɗaki ɗaya da wani mai wa'azin da ya naɗa kansa, rawar da jarumi Robert Mitchum ya taka, da kalmar so rubuce a yatsun hannu ɗaya, kalmar ƙi a ɗayan. Yana fitowa ya nufi garin, ya yi wa'azi mai ratsa jiki, tsofaffin gari suka yi ta zuga matar mamacin har ta aure shi. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Yaron ne kaɗai ya gane shi, kuma wa zai saurari yaro a kan mutumin Allah?

Abin da ya raba fim ɗin da saura shi ne an ɗauke shi da idon yaro. Inuwar mutumin ta kan cika bangon ɗaki kafin shi ya iso. Yaran suka tsere a kwale-kwale cikin dare, kogi na tafiya da su, kwaɗi da zomaye na kallonsu daga gaɓa, kamar a tatsuniya. Suka kwana a wata rumfar dabbobi, can cikin dare yaron ya farka ya hango shi nesa a kan doki, tafe a hankali yana rera waƙar coci, ba ya sauri don ya san zai iso. Wadda ta tare shi a ƙarshe tsohuwa ce mai riƙon marayu, Lillian Gish, tauraruwa tun zamanin fim marar magana, zaune a kujera da bindiga a cinya.

Ni fa fim marar kala barci yake sa ni.

Yawanci yanayin kallon ne matsalar. Ba fina-finan da za a kalla da rana ana danna waya ba ne. A kashe fitila, a sa abin jin sauti a kunne in a waya ne, a ba su minti ashirin na farko, domin a nan ake dasa bam ɗin a ƙarƙashin tebur. Kada kuma a ja hoton ya cika allo: waɗanda aka yi kafin 1953 kusan murabba'i ne, in aka ja su fuskoki kan baje. Yawancinsu ma ba su kai awa biyu ba.

Turawa ne kaɗai suka yi irinsu?

Ko kusa. Mai kallo Bahaushe ma yana da ƙofar shiga da Bature ba shi da ita, domin tun shekarun 1950 gidajen silima na Arewa ke nuna fina-finan Indiya, kuma Indiyawa sun ƙware a labarin tsohon gida, mace mai farin sari, da waƙar da ke tashi tsakar dare. Mahal na 1949, wanda ya ɗaga Madhubala da mawaƙiya Lata Mangeshkar, shi ya buɗe wannan hanya. Mai ɗaukar hotonsa, Josef Wirsching, Bajamushe ne, shi ya sa inuwowinsa ke kama da na tsofaffin fina-finan Jamus. A Woh Kaun Thi? na 1964, likita ya rage wa wata mata hanya cikin ruwan sama, tana shiga mota waifa ta tsaya cak. Ittefaq na 1969 kuwa ya yi abin da ba a saba ba, babu waƙa ko ɗaya: dare ɗaya, gida ɗaya, mace ita kaɗai da wanda ya tsere daga asibitin mahaukata.

A Masar akwai Bab el Hadid na 1958, shekara biyu kafin Psycho. Youssef Chahine ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin gurgun mai tallar jarida a tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira, wanda son wata mai tallar lemo ya zame masa ciwo. Masu kallo na lokacin sun ƙi shi, yanzu ana lissafa shi cikin mafi kyawun fina-finan Larabawa. A Koriya ta Kudu, Kim Ki-young ya yi The Housemaid a 1960: sabon gidan bene, malamin kiɗa, 'yar aiki, da kwalbar maganin ɓera a kabad ɗin kicin wadda aka nuna maka tun farko. Italiyawa su ma sun shigo daga 1963 ta hannun Mario Bava, da makashi mai baƙar safar hannu da launuka masu ƙuna, sai dai nasu ya fi karkata ga jini.

Me ya sa kullum mace ake farauta, sau da yawa ma mai naƙasa?

Tambayar tana kan hanya. Bebiya a The Spiral Staircase na 1946, mai jinya a gado da wayar tarho kawai a Sorry, Wrong Number na 1948, mai keken guragu a Taste of Fear na 1961, makauniya a Wait Until Dark. Wani ɓangaren lalaci ne na marubuta: hanya mafi sauƙi ta tayar wa mai kallo hankali ita ce a ɗauko wadda ba za ta iya gudu ko ihu ba. Haka kuma yawancinsu sun mayar da mai taɓin hankali tamkar makashi, abin da ya saɓa wa gaskiya, ya kuma ƙara wa marasa lafiya tsangwama.

Amma masu kyau daga ciki sun ga wani abu. Babban tashin hankalin matan nan ba makashin ba ne kaɗai, har da cewa in sun faɗa ba a yarda. Likita ya ce gajiya ce, ɗan sanda ya ce mafarki ne, miji ya ce ta sha magani ta kwanta. Wannan ɓangaren bai tsufa ba.

Za a iya kallonsu da yara?

Ba tsiraici ko jini ne abin dubawa ba, don kaɗan ne a na kafin 1960. Jigon ne mai nauyi: cin amanar aure, kisan yara, uban riƙo mai farautar marayu. M da The Night of the Hunter kan tsaya wa yaro a rai fiye da fim ɗin dodo, don dodo ya san ƙarya ne. Peeping Tom da na Italiya na manya ne zalla.

An riga an faɗa mini ƙarshen. Akwai sauran amfanin kallo?

Wanda ya faɗa maka bai kyauta ba, kuma masu fina-finan sun yi ƙoƙarin hana irinsa. Clouzot ya sa rubutu a ƙarshen Les Diaboliques yana roƙon masu kallo kada su ba abokansu labari. Hitchcock ya sa an hana kowa shiga Psycho in an fara, a zamanin da mutane suka saba shiga silima a tsakiyar fim. Duk da haka kalla. Wanda ya san inda reshe zai juye da mujiya yana ganin abin da sabon mai kallo ba ya gani: wa ya kalli wa, wace magana ce mai harshen damo, yaushe aka yi maka ƙarya a gaban idonka. Fim ɗin da ba ya jure kallo na biyu, dama wayo ne kawai a cikinsa.

A ina ake samunsu, kuma me ya sa wani kwafin ya fi wani?

Waɗanda haƙƙin mallakarsu ya faɗi ana samunsu kyauta a Internet Archive da YouTube. Carnival of Souls na 1962, wanda aka yi da kusan dala 33,000, yana cikinsu. Sauran kuwa kamfanoni irin su Criterion da cibiyar fina-finai ta Birtaniya, BFI, kan fitar da su a gyare.

Kwafi yana da muhimmanci ƙwarai a wannan rukuni, tunda aikin duka a cikin inuwa yake. A kwafi marar kyau, duhun da aka tsara mataki-mataki ya kan dunƙule ya zama baƙi ƙirin, sai ka rasa hannun da ke bayan labule. Har farkon shekarun 1950 ana ɗaukar fim ne a kan leda mai sinadarin naitiret, mai ruɓewa da saurin kama wuta, shi ya sa da yawa suka salwanta ko suka iso mana a raunane. The Housemaid kansa naɗi biyu na asalinsa sun ɓace. Da aka zo gyara shi a 2008, daga wani kwafin da aka aika ƙasashen waje aka ciro su, aka bi hoto ɗaya-ɗaya da kwamfuta ana goge manyan rubutun fassarar da ke kansa. Don haka in ka ga kwafi biyu, duba wanda aka ce an gyara, ka kuma tabbatar rubutun fassarar na tafiya daidai da magana kafin ka ƙona datarka.